Kujerar Jirgin Sama Marar Inji: Kurakuran Da Sababbin Matuƙa Suka Ƙi Bari

Jirgin sama marar inji ba baƙo ba ne a Ghana. An yi makarantar koyon tuƙinsa a Afienya zamanin Kwame Nkrumah, Bajamushiya Hanna Reitsch ta riƙe ta daga 1962 zuwa 1966. Duk mai neman lambar azurfa ta ƙwarewa a wannan wasa sai ya yi awa 5 a sama bai sauka ba, yana kishingiɗe a wurin da bai wuce faɗin kafaɗarsa ba. To, neman sauƙin zaman nan ne ke jefa sababbin hannu cikin haɗari, kuma kurakuran iri ɗaya ne kullum.

Da mutum ya ji ɗuwawunsa ya mutu, sai ya nufi Suame Magazine, unguwar makanikai da ke Kumasi, wajen masu ɗinkin kujerar mota, a yanko masa soson katifa mai kaurin inci huɗu, a lulluɓe da leda mai sheƙi. A mota wannan daidai ne. A jirgin nan kuwa, shi ne abu mafi muni da za ka sa a ƙarƙashinka ko a bayanka.

Ga dalili. In da igiyar winci za a ɗaga ka, wato injin da ke ƙasa yana naɗe igiya yana fizgo jirgin, cikin 'yan daƙiƙoƙi gudun ya kai kilomita 90 a awa, sannan hancin jirgin ya miƙe sama. Ƙarfin fizgar zai danna ka baya, soson ya lotse, ƙafafunka su bar feda, hannunka kuma ya jawo sandar tuƙi baya ba da saninka ba. Hanci ya ƙara tashi ke nan, gudu ya ragu, alhali ƙasa tana kusa. Wajen sauka mai tsanani ma haka: jirgi ya riga ya daki ƙasa ya tsaya, jikinka yana ta nutsewa cikin soso, sai ka kai ƙarshensa ka bugu gaba ɗaya. Dukan da ƙashin baya ke sha a nan ya fi na wanda ya zauna a kan kujera tsirara. Ga shi kuma bel ɗin da ka ɗaure tam ya saki, tunda abin da ke ƙarƙashinka ya lotse.

Haba ɗan'uwa! Ka kashe kuɗin horo mai yawa, sannan ka yi ƙyashin sayen soson da ya dace? Akwai mai shanye bugu, irin Confor da Dynafoam, an yi shi don haka. Ni dai tsarina shi ne koren Confor mai tauri, inci ɗaya, a ƙasa, sai rabin inci na shuɗi a samansa. Wasu sukan ɗora mai ruwan hoda saboda ya fi laushi. Ban ga buƙatarsa ba. Kada kuma a ruɗe ka da filon kwana mai dawowa a hankali in an latsa shi, ya yi laushi ƙwarai. Ka sani wannan soson yana bin yanayi: a zafin Kumasi yakan yi laushi, a sama kuwa, inda zafi ke raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000, sai ya ƙara tauri inda jiki bai taɓa shi ba. Aikin mai ɗinki shi ne riga kawai, ta yadin auduga mai shan gumi, da maɗauri a gefe. Matashin da ba a ɗaure ba yana iya zamewa gaba ya tokare sandar tuƙi.

Na biyu, kwankwaso. Laimar sauka da kake goye da ita, ita ce majinginarka, bayanta kuma shafe yake, shi ya sa ciwon ƙugu ke tasowa bayan awa biyu. Ƙaramin matashi mai tauri, ko tawul da aka naɗe da kyau, tsakanin bayanka da laimar zai shiga, daidai lanƙwasar ƙugu. In kai gajere ne, ka matso da majinginar kujera da feda. Kada ka cika bayan laima da filo.

Bel kuwa, na ƙugu ake fara ja, ya kwanta a kan ƙashi, sannan na kafaɗa. In ka fara da na kafaɗa, ƙarfen ɗaurin bel ɗin zai hau cikinka, ranar karo ka sulale ta ƙarƙashinsa.

Sauran ƙanana ne. Cire walat daga aljihun baya. Waya da makulli su shiga aljihu mai zif, don abin da ya faɗi ƙasan kujera yana iya maƙale sandunan tuƙi. Matashin ya tallafi cinya, ba ɗuwawu kaɗai ba. A bar tazarar yatsu biyu zuwa uku tsakanin kanka da murfin jirgin. In nauyinka da laima bai kai abin da aka rubuta a allon cikin jirgin ba, a ɗaure dalmar ƙarin nauyi a mazauninta, kada a tura ta ƙarƙashin matashi.

Duk sauyin da ka yi, ka gwada shi a ƙasa cikin inuwa: sa laima, ɗaura bel, zauna rabin awa, ka kai sanda da feda iyakarsu ta kowane ɓangare, ka kuma tabbatar hannun hagu yana kaiwa ga maɓallin sakin igiya ba tare da kafaɗarka ta bar majingina ba.