Kurakuran Yanka Farashi Ga Masu Horar da Masu Haɗa Shafukan Intanet a Yamai

Duk wanda ya iya Laravel ko React (kayan aikin haɗa shafukan intanet) a Yamai, ba ya daɗewa wani kamfani ko ƙungiya ta kira shi ya horar da ma'aikatanta. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ƙwararrun yara ke faɗin kuɗin da ko sabulun kwalliya ba zai biya ba, kuma kuskuren nan ɗaya ne ake ta maimaitawa.

Babban cikinsu: ƙirga kwanakin aji kaɗai. An ce maka horon kwana 3, sai ka ce jaka 25 a yini, ka rubuta sefa 75.000, kana murna. To ina kwanakin shiri? Kwana 3 awa 18 ne gaban ɗalibai. Ni a lissafina, sabon darasi kowace awa ɗaya ta aji tana cin awa 3 ta shiri: rubuta misalai, gwada su a kan Windows da Linux, tsara atisaye da amsoshinsa, haɗa ƙaramin aikin da za a gina daga farko zuwa ƙarshe. Awa 54 ke nan, kusan kwana 7. Ƙara yini ɗaya na tattaunawa da mai kamfani da rubuta debi (takardar kiyasin farashi), da wani yinin na amsa tambayoyi a WhatsApp bayan an tashi. Aikin kwana 12 ka yi, ka karɓi kuɗin kwana 3. Raba 75.000 gida 12, za ka ga sefa 6.250 ka ci a yini. Haba ɗan'uwa! Da wannan za ka biya haya da kuɗin intanet? Farashin gaskiya a wannan misali sefa 300.000 ne. In za ka sake koyar da darasin a wani wuri, raba kuɗin shirin gida biyu ko uku, amma kada ka yafe shi, domin Laravel na fitar da babban sabon zubi kowace shekara, Node.js (wani kayan aikin) ma haka yake sauyawa, misalanka na bara sai an sake taɓa su.

Na biyu, wanda shi ma ke zubar da mutum ƙasa, shi ne rashin rubuta wa ke ɗauke da me. Ɗaki, abincin rana, majigi, layin intanet, man gurup in wuta ta ɗauke, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin zafi: duk a jera su a debi, kowanne da sunan mai biya. Mutum 15 suka buga npm install (umarnin sauko da kayan aiki daga intanet) lokaci ɗaya a kan akwatin wifi guda, rabin yinin farko ya tafi a kallon allo, kuma kai za a ɗora wa laifi. Ka aika da takardar girke kayan aiki mako guda kafin ranar, ka zo da komai a kile USB. In kamfani na son ka girka wa kowa da hannunka, wannan rabin yini ne daban, da kuɗinsa.

Kada ka yanka farashi ba iyakar kawuna. Ni ba na wuce mutum 12 in akwai rubuta kod, domin sai ka leƙa allon kowa. Na 13 kuɗinsa daban.

Ka fayyace ko kuɗin HT ne (ban da haraji) ko TTC (haɗe da haraji). TVA, harajin da ake ɗorawa kan farashi, a Nijar kashi 19 ne cikin ɗari, kuma wasu ma'aikatu na cire haraji tun kafin kuɗi ya iso hannunka. Tambayi akawunsu nawa za a cire kafin ka sa hannu, ka nemi takardar shaidar cirewar. Ka kuma yi NIF ɗinka (lambar mai biyan haraji), manyan ƙungiyoyi ba sa son faktir marar lamba.

Abansi rabin kuɗi kafin ka buɗe kwamfuta, ta banki ko Nita ko Amana. "Ai mun san juna" ba ya hana a ɗage horo ana gobe. Rubuta cewa in an soke cikin kwana 7 na ƙarshe, abansi ya zauna.

In an kira ka Tawa, tafiyar fiye da kilomita 500 ce: yinin zuwa da na komowa aiki ne, ban da mota da masauki.

Ɗaukar bidiyon darasi ba kyauta ba ne, domin da shi za a horar da na baya ba tare da kai ba. In ƙungiyar waje ce ke biya da yuro, canjin a tsaye yake, yuro 1 kusan sefa 656, sai dai ka rubuta cewa kuɗin aikawa na banki a wuyansu yake.