Idan Bango Ya Ƙi Cikewa a SketchUp

Wata matsala da take yawan damun masu zanen gida a SketchUp, manhajar zane ta kwamfuta, ita ce mutum ya ja layuka huɗu na bango, amma fuskarsa ta ƙi cikewa. Abu biyu ne ke jawo hakan: ko dai akwai kusurwar da layuka ba su haɗu ba, ko kuma ɗayansu ya kauce daga shimfiɗar da sauran suke kai.

Ka ja layi daga wata kusurwa zuwa wadda take fuskantarta. Idan rabi ɗaya kaɗai ya cike, ɓarakar tana cikin ɗaya rabin. Idan kuma duka biyun suka cike, to layukan ba a shimfiɗa ɗaya suke ba. A ganina gara ka goge ka sake ja, kana bin layukan jagora masu launin ja, kore da shuɗi da manhajar ke nunawa, domin kwaskwarima tana cin lokaci fiye da sabon zane.

Da zarar bangon ya kammala, ka haɗe shi ya zama rukuni guda kafin ka ɗora rufi, in ba haka ba za su manne, duk sanda ka matsar da rufin, sai bangon ya karkace.