Yadda zaka gyara maganar salga a gidanku na ƙauye kafin ka tura yara hutu

Mu da muke Aboabo da Asawase da sauran zangunan Kumasi, da yawanmu muna da gida a arewa, wani Salaga wani Yendi wani can wajen Bawku, kuma da anyi hutun makaranta sai a sa yara a mota aje gaida kaka. Bayan sati biyu uku yaro ya dawo ya rame yana zawo, sai kaji ance ruwan garin ne bai karɓe shi ba ko haƙori yake fitarwa. Toh gaskiya yawanci kashi ne yake shiga bakin yaron, ta ƙafar ƙuda, ta hannu, ta ruwan dam, ta ƙasar tsakar gida da yake rarrafe a kai. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan gida ɗaya cikin uku a karkarar Ghana basu da bayan gida, daji ake shiga, ruwan sama ya wanko ya kawo inda ake ɗiba.

Abin da yafi damuna ma su yaran da suke zaune can kullum ne. Yaron da yake haɗiyar ƙazanta kaɗan kaɗan kullum hanjinsa yana lalacewa ta ciki, ko baya zawo abincin baya zama a jikinsa, kamar kana zuba ruwa a randa mai tsaga, ka aika kuɗin madara da ƙwai da kifi amma yaro ya ƙi tsawo. Binciken lafiya na ƙasa na 2022 ya samu yara ƴan ƙasa da shekara 5 kusan 18 cikin 100 sun tsumbure, a Northern Region abin ya kai wajen 30, kuma tsumburewar da ta kama yaro kafin ya cika shekara 2 da wuya ta gyaru. Shi yasa nake cewa in zaka tura kuɗi gida a fara da salga kafin fenti da tayil.

Wurin haƙawa shine farko. A nisanta ramin da rijiya ko bohol kamar mita 30, kuma ya zama ta gangaren ƙasa da rijiyar, kar ya zama samanta. A tambayi masu haƙa rijiya na garin inda ruwa yake kaiwa da damina, a tsaida ramin ya rage kamar mita 2 kafin a kai nan. In ƙasar yashi ce dan Allah a ɗaure bakin ramin da bulo, ramuka da yawa damina ɗaya suke rufta, kuma da ya rufta sau ɗaya shikenan mutanen gida sun koma daji.

Sannan a zuba silab na siminti mai sauƙin wankewa, ramin tsugunno kar yayi faɗi don yara suna tsoro. Irin salgar nan da ake kira KVIP da aka ƙirƙiro nan jami'ar Kumasi, sirrin hana wari da ƙuda a cikinta fayif ne. Fayif na inci 4, ya wuce saman kwano da kamar rabin mita, a ɗaure masa raga a baki, cikin ɗakin kuma a barshi da ɗan duhu. Iska tana jan warin ta fita ta fayif, ƙudan da ke cikin rami su bi haske su hau sama raga ta tare su su mutu a nan. In ragar ta yage aikin ya ɓaci, sai a riƙa dubawa. Wanda bashi da kuɗin fayif yayi murfin katako mai mariƙi ya riƙa zuba toka bayan an gama, wannan ma yana aiki.

Yanzu maganar da tsofaffinmu basa son ji, wai kashin jariri ba komai bane. Wallahi yafi na babba ɗauke da cuta. A siyo fo, wato tukunyar kashin yara, a kasuwar Kejetia a tafi dashi, yaro yayi a ciki a juye a salga nan take a wanke da sabulu, ruwan wankin ma a salga, kar a watsa bayan ɗaki inda kaji suke tono. Su kansu kaji da zabi da awaki a yi musu wurinsu daban, a share tsakar gida safe da yamma, mai rarrafe a shimfiɗa masa tabarma don duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa.

Buta kaɗai bata isa ba, bayan tsarki sai an sa sabulu. A ajiye Veronica boket, wato bokiti mai famfo na wanke hannu, a ƙofar salga, ko a rataye galan mai ƙaramin rami da igiya, da sabulu ko toka a gefe. Uwa ta wanke hannu bayan ta wanke ma yaro, da kafin ta dama koko, da kafin ta bashi. Ruwan shan yara a tafasa, a rufe randa, moda ɗaya mai dogon hannu ta ɗiba ita kaɗai. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kawai, ko ruwa kar a bashi, na san anan ake rigima da kakanni amma a lallaɓa su.

Cikin jakar tafiya a saka ORS, wato garin gishiri da sukari na zawo, da ƙwayar zinc da katin awo. In zawo ya fara a haɗa ORS da adadin ruwan da aka rubuta jikin ledar, a riƙa bashi kaɗan kaɗan, zinc kuma kullum har kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya, a ci gaba da nono da abinci. In kaga jini a kashin, ko ido ya faɗa, ko yaro ya ƙi shan komai, ko yana amai ba tsayawa, kar a jira gari ya waye, a nemi mashin a kaishi CHPS, wato ƙaramin asibitin ƙauye, ko asibiti mafi kusa. In sun dawo Kumasi kuma aje awo a tambayi nas maganar maganin tsutsar ciki, daga shekara 1 ake iya fara basu.