In ka kama haya a gidan ɗan Hindu: yadda ake puja ta safe

Ɗalibanmu da masu zuwa jinya Indiya da yawa a gidajen 'yan Hindu suke kama ɗaki, kuma ƙararrawa ce ke fara tashinsu daga barci. Puja ke nan, ibadar safiya. Ga yadda take, yadda na riƙa ganinta wurin tsohuwar da na yi haya a gidanta a birnin Pune na Indiya.

Masu tsantseni kan tashi a lokacin da suke kira brahma muhurta, minti 96 kafin hudowar rana. Wanka ne farko. Wurin bautar sau da yawa 'yar kanta ce a kusurwar ɗaki, da hotuna da ƙananan gumaka; da wuya ka rasa Ganesh mai kan giwa, don da shi ake farawa. Sai a kunna diya, ɗan kasko mai man shanu da lagwanin auduga, a sa turaren tsinke, a ajiye furanni da ayaba.

Daga nan sai zaman carbi, inda baƙo ya fi yin katsalandan. Carbin nasu, mala, ƙwaya 108 ne, da wata babba da ba a tsallakewa. In an iso kanta sai a juya a koma baya. Da babban yatsa da na tsakiya ake ja, ban da manuniya. Wasu addu'ar Gayatri suke maimaitawa, daga littafin Rig Veda, wasu sunan Rama kawai, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu. Tsohuwar nan, ko wayarta na ruri ba ta ko ɗaga ido. To kai ma kada ka zo neman makulli a lokacin.

Da aarti ake rufewa: a zagaya fitila gaban gumakan, ana kaɗa ƙararrawa, kowa ya ɗora tafuka saman harshen wutar ya shafa a fuska.

Naka dai kaɗan ne. Cire takalmi, kada ka miƙe ƙafa ta fuskanci kantar, kada ka taɓa komai a kanta. Za a miƙo maka prasad, abincin da aka gabatar wa gumakan. In addininka bai yarda ba, ka faɗa tun ranar farko, cikin ladabi. Ya fi ka karɓa a gan shi a kwandon shara.

Sai shukar tulsi da ke tsakar gida, wadda ake ba ruwa kowace safiya. Dangin ɗoɗɗoya ce, amma mai tsarki ce a wurinsu. Kada ka tsinka don miya, kada ka watsa mata ruwan wanki.