Kurakuran da aka fi yi wajen rainon furen Ekinasiya

Ekinasiya 'yar filayen ciyawa ce na tsakiya da gabashin Amurka ta Arewa, inda ta saba da rana mai zafi da ƙasa marar taki sosai. Furenta ruwan hoda ne mai ɗan shunayya, tsakiyarsa a tsattsaye kamar bayan bushiya. Galibin waɗanda ke asararta a lambu, yawan lele ne ke kashe musu ita.

Babban laifi shi ne ruwa. A ƙasar laka mai riƙe danshi, musamman da hunturu, gindin tsiron kan ruɓe, sai Afrilu, lokacin da ya kamata ta sake tohowa, ta zo ba a ga komai ya fito ba. A yi mata kunya mai ɗan tudu, a gauraya ƙasar da tsakuwa ƙanana, kuma kada a binne wuyan tsiron ƙasa da yadda yake a tukunya. A shekarar farko a shayar sau ɗaya a mako, ruwa ya ratsa sosai; bayan ta kafu, ba a shayar da ita sai in fari ya tsananta. Taki ma haka: in ya yi yawa, kara ya yi tsawo ya yi laushi, iska ta kwantar da shi. Ɗan ruɓaɓɓen ganye sau ɗaya a shekara ya isa.

Tana son rana ta aƙalla awa 6, da tazarar santimita 45 zuwa 60 tsakanin tsiro da tsiro. In an cunkusa su, cutar fumfuna mai kama da farar ƙura kan rufe ganyen.

Wanda ya shuka iri ya yi haƙuri, sau da yawa sai shekara ta biyu take fure. Ekinasiya nau'i-nau'i ce: nau'in da ake kira angustifolia da pallida irinsu na buƙatar sanyi mai danshi na wata ɗaya zuwa uku kafin a shuka, a firji cikin yashi mai laima, kuma saiwarsu ɗaya ce doguwa, ba sa son a tuge su. Nau'in purpurea ne ake tona gindinsa a raba duk shekara 3 ko 4. Irin da aka tsinta daga aurarrun nau'o'i masu launin lemo ko ja kuwa, ba ya haifo kamar uwarsa.

In furen ya fito kore, a murɗe, da ganyayyaki a tsakiyar kansa, cutar da ƙananan ƙwari masu tsalle ke yaɗawa ce. Ba ta da magani. A tumɓuke tsiron har saiwa a zubar a shara, kada a sa shi a ramin taki.