Yadda Ake Yin SIWES Har Makin Ya Shiga Sakamakonka

Ɗalibai da yawa suna ɗaukar SIWES, wato shirin tura ɗaliban manyan makarantu koyon aiki a masana'antu da ma'aikatu, wanda aka fi kira "IT", a matsayin hutun dole. Alhali kwas ne mai yunit kamar sauran kwasa-kwasai, a wasu sassan ma shi kaɗai ke cinye zangon karatu guda cur. Hukumar ITF mai kula da horar da ma'aikatan masana'antu, wadda aka kafa a 1971 take da hedikwata a Jos, ita ta ɓullo da shirin a 1973, bayan masu masana'antu sun yi ta kukan cewa waɗanda suka gama makaranta sun san takarda amma ba su san inji ba. Ɗan jami'a yakan yi wata 6, galibi a aji uku ko huɗu. Ɗan kwalejin fasaha mai ND (ƙaramar difloma) da ɗan kwalejin ilimi kuwa wata 4. Kada a haɗa shi da aikin shekara ɗaya da ake yi bayan ND kafin HND (babbar difloma), wannan daban ne.

Da farko ka je ofishin SIWES na makarantarku ka tabbatar sunanka na cikin jerin da za a tura wa ITF, kuma an rubuta lambar rajistarka da ta asusun bankinka daidai. Ka halarci taron wayar da kai, a nan ake raba takardar neman gurbi da logbuk, wato littafin da za ka riƙa rubuta aikin da ka yi kullum.

Sai neman wurin aiki, kuma a nan ne mutane suke cutar kansu. Kowa yana son babban ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, ko wurin da kawunsa zai sa masa hannu yana kwance a gida. Ni dai shawarata, ka zaɓi inda hannunka zai yi datti. Mai karanta kimiyyar sinadarai zai fi ƙaruwa a matatar ruwa irin ta Tamburawa, ko a masana'antun Sharada da Bompai da Challawa a Kano, ko Kakuri a Kaduna, fiye da ofishin da aikinsa zai zama hoton takardu da sayo wa oga abinci. Ka fara yawon nema tun wata biyu ko uku kafin lokaci, ka kai takarda wurare da yawa. Idan an karɓe ka, ka amshi takardar amincewa mai hatimi ka mayar wa makaranta, domin da adireshin da ke jikinta malami zai zo duba ka. In ka sauya wuri ba ka sanar ba, zai je ya tarar babu kai, ya rubuta ba ka zuwa.

Ranar da ka fara aiki, ka tambayi wane ne zai riƙa kula da kai. Ka cike fom ɗin fara aiki, wato SCAF, masu wurin su sa hannu su buga hatimi, ka kai ofishin ITF mafi kusa da wurin aikin cikin makonnin farko.

Yanzu ga inda makin yake: logbuk. Kullum ka rubuta abin da ka yi kafin ka bar wurin, ko da layi uku ne. "Na yi aiki a ɗakin gwaji" ba rubutu ba ne. Ka ce ka ɗebo ruwa daga tankin tacewa, ka auna gurɓacewarsa, ga adadin da ya fito, ga yawan alif ɗin da aka zuba, ga abin da ya canza. Akwai shafin zane a kowane mako. Ka zana injin da ka taɓa, ka sa wa sassansa suna. Ranar Juma'a ka kai wa mai kula da kai ya sa hannu, kada ka bari makonni su taru. Na taɓa ganin wani abokin karatunmu ya zauna dare ɗaya ya cike mako 24 da biro guda. Ranar kare rahoto malami ya buɗe littafin, ya ga tawada iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, babu ko ɗigon bakin mai a shafi, ga shi wai a garejin gyaran injina ya yi. Tambaya ɗaya ya yi masa a kan mako na 9, gogan naka ya tsaya yana sosa ƙeya.

Malamin makarantarku zai iya faɗowa ba sanarwa, don haka in za ka yi fashi ka nemi izini a rubuce. Kuma tun kana can ka fara tara kayan rahoto: tarihin wurin, tsarin shugabancinsa, hotunan aiki idan sun yarda a ɗauka. Wasu kamfanonin ba sa yarda, ka tambaya kafin ka zaro waya.

A makon ƙarshe ka cike Fom 8, wato fom ɗin kammala aiki. Akwai sashenka, da na wurin aiki, da na makaranta, kowanne sai da sa hannu da hatimi. Ka kai logbuk ofishin ITF a buga masa hatimi kafin ka koma makaranta, don in ka yi aikin a Legas kana karatu a Zariya, komawa saboda hatimi ɗaya ba ƙaramin asara ba ne. Alawus ɗin da gwamnatin tarayya ke biya ta hannun ITF kaɗan ne kuma yakan makara, kada ka ci bashi da sunansa.

Daga nan sai rubuta rahoto bisa tsarin sashenku, sannan tsayuwa gaban malamai. Yawanci ana haɗa makin ne daga logbuk, da rahoto, da bayanin masu dubawa, da yadda ka amsa tambayoyi. Ka zaɓi aiki ɗaya ko biyu da ka yi da hannunka ka gina bayaninka a kansu. Abin da ka kalla daga nesa kuwa, ka ce kallo ka yi. Bayan an fitar da sakamako, ka duba da idonka cewa kwas ɗin ya fito da makinsa, in babu ka garzaya wurin jami'in jarrabawa na sashenku da kwafin Fom 8 a hannu.