Yadda Ake Karanta Littattafan Annabawa na Tsohon Alkawari

Masu jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki a ikilisiyoyin da ke sujada da Hausa a Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba da Obalende, sun san inda karatu yake sarƙewa. Farawa da Fitowa suna tafiya lafiya domin labari ne. Zabura tana shiga zuciya. Amma da an iso Ishaya, sai mutane su fara janye jiki: ga sunayen ƙasashen da ba a sani ba, ga hukunci a kan hukunci, ba a gane wa ke magana ba balle wanda ake yi wa. Dalilin ɗaya ne. Annabawan nan masu wa'azi ne da suka yi magana da mutanen wani zamani a kan wata damuwa takamaimai, kuma littattafansu ba a jere suke bisa zamani ba. Wanda ya mayar da kowane annabi zamaninsa ya gama rabin aikin.

Kayan aiki kaɗan ne: Littafi Mai Tsarki na takarda wanda za ka iya yi wa alama da fensir, littafin rubutu, da taswirar ƙasar Isra'ila da maƙwabtanta, irin wadda ake bugawa a ƙarshen wasu bugu. Waya tana da amfani wajen saurare a cikin mota, amma ba ta nuna maka shafi biyu a lokaci guda, kuma wannan karatu yana bukatar yatsa ɗaya a Sarakuna, ɗaya a littafin annabin.

Yawan abin da ke gabanka shi ne wannan. Ishaya sura 66, Irmiya 52, Ezekiyel 48, ƙananan annabawa goma sha biyu gaba ɗaya 67, Makoki 5, Daniyel 12. Jimla 250. Ana kiran sha biyun ƙanana saboda gajartar littattafansu kawai. Ƙara musu 2 Sarakuna 14 zuwa 25, Ezra 1 zuwa 6, da Maimaitawar Shari'a 28. Sura biyu a rana, kwana shida a mako, za ka gama cikin kusan mako 23. Sura biyu ba su kai tsawon tafiyar Agege zuwa Oshodi a cunkoson safe ba, don haka mai gadi da ɗan kasuwa da sojan bariki duk za su iya.

A tsarin Yahudawa littattafan nan kashi uku ne: Attaura, Annabawa, da Rubuce-rubuce. A cikin Annabawa suka sa Joshuwa, Mahukunta, Sama'ila da Sarakuna tare da Ishaya, Irmiya, Ezekiyel da sha biyun, sannan Daniyel da Makoki suna cikin Rubuce-rubuce. Wannan tsari yana koya mana abu mai amfani: tarihin sarakuna da wa'azin annabawa aiki ɗaya ne, ba a raba su.

Shekaru biyar da za ka rubuta a shafin farko

Duk kafin haihuwar Almasihu ne, saboda haka lissafi raguwa yake yi. Wajen 930 mulkin Isra'ilawa ya rabu biyu: Isra'ila a arewa, wadda daga baya Samariya ta zama babban birninta, da Yahuza a kudu da Urushalima. A 722 Assuriya ta ci Samariya. A 597 Nebukadnezzar na Babila ya kwashi rukunin mutane daga Urushalima, har da sarki Yekoniya da Ezekiyel. A 586, wasu masana suna cewa 587, aka ƙone birnin da Haikali. A 539 Sairus na Farisa ya ci Babila, bayan haka kuma ya ba waɗanda aka kwashe izinin komawa gida. Kowane annabi yana tsaye ne kafin ɗaya daga cikin waɗannan, ko a tsakiyarsa, ko bayansa.

Kafin annabi na farko, karanta Maimaitawar Shari'a 28. Can aka shimfiɗa albarkun kiyaye alkawari da la'anonin karya shi: fari, fara, annoba, kewayewar abokan gaba, kwashewa zuwa baƙuwar ƙasa. Kusan duk bala'in da annabawa suka ambata yana cikin surar nan. Ba sabuwar doka suka kawo ba, tsohuwar yarjejeniya suke tuna wa jama'a.

Kada ka fara da Ishaya. Fara da Amos, bayan ka karanta 2 Sarakuna 14:23-29. Sura tara ce, ana iya karanta ta da murya a zama ɗaya, kuma duk salon annabci yana cikinta. Amos makiyayi ne daga Tekowa a Yahuza, aka aike shi arewa a zamanin Yerobowam na biyu, lokacin da ƙasa ke cikin wadata. Lura da dabararsa a sura 1 da 2: ya fara da Dimashƙu, Gaza, Taya, Edom, Ammon, Mowab, masu sauraro suna jin daɗi ana hukunta maƙwabta, ya matso Yahuza, sannan ya sauke mafi tsawon ƙarar a kan Isra'ila kanta. Wanda ya tsinka surorin nan ya karanta guntu-guntu ba zai ga tarkon ba. Laifofin da ya lissafa kuma na kasuwa da kotu ne: sayar da matalauci a kan kuɗin takalmi, karɓar hanci a ƙofar gari inda ake shari'a, rage mudu da ha'inci a ma'auni a sura 8. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Mile 12 da mudun da aka bubbuge gindinsa ya fahimci ayar tun kafin malami ya buɗe baki.

Daga Amos sai Yusha'u tare da 2 Sarakuna 15 zuwa 17, sai Mika da Ishaya 1 zuwa 39 tare da 2 Sarakuna 16 zuwa 20. Yunusa ma a nan yake, domin 2 Sarakuna 14:25 ta ambace shi. Bayan haka Zafaniya, Nahum da Habakuk tare da 2 Sarakuna 21 zuwa 23. Nahum ya tuna faɗuwar birnin No na Masar, wadda ta auku a 663, yana kuma hango faɗuwar Nineba, babban birnin Assuriya, ta 612, don haka zamaninsa yana tsakanin biyun. Sai Irmiya da Makoki da Obadiya, sai Ezekiyel, sai Ishaya 40 zuwa 66. Masana da yawa suna ganin wannan sashe na Ishaya daga bakin wani annabi na zamanin zaman talala a Babila ya fito, wasu suna riƙe cewa Ishaya ne ya hango shi tun da wuri. Ko wanne ka bi, mutanen da ake ta'azantarwa a sura 40 zuwa 55 suna Babila, kuma an kira sunan Sairus a 44:28 da 45:1, saboda haka a nan ya fi zama. Daga ƙarshe Haggai da Zakariya tare da Ezra, sai Malakai. Yowel bai ambaci sarki ko ɗaya ba, sa shi a ƙarshen jerin.

Yadda za a yi da sura ɗaya

Rabon surori ba na annabawa ba ne, an yi shi ne a ƙarni na 13 bayan haihuwar Almasihu, kuma wani lokaci yana yanka magana a tsakiya. Waƙar Bawan Ubangiji da kowa ya sani a Ishaya 53 ta fara tun daga 52:13. Don haka aikinka na farko shi ne neman inda saƙo ya fara da inda ya ƙare. Alamun su ne kalmomi irin su "Ubangiji ya ce", "maganar Ubangiji ta zo", "kaito", "ku ji", ko ambaton shekarar sarautar wani sarki. Ja layi da fensir a kowane wuri irin wannan.

Sannan tambayi sashen: wa ke magana, Allah ne, ko annabin, ko jama'a, ko abokan gaba? Da wa ake yi? Nan ne sunaye ke ruɗa mutane. Ifraimu da Samariya da gidan Yusufu duk mulkin arewa ne. Sihiyona Urushalima ce. Isra'ila kuwa wani lokaci arewa kaɗai take nufi, wani lokaci dukan jama'a, musamman bayan 722. Sai ka nemi laifin, ka nemi hukuncin. Kalmar "saboda haka" ita ce gadar da ke tsakaninsu. A Mika 6 da Ishaya 1 za ka ga siffar zaman kotu sosai, har an kira duwatsu ko sama da ƙasa su zama shaidu.

Mafi yawan maganar annabawa waƙa ce, kuma waƙar Ibraniyawa tana faɗin abu a layi na farko ta sake faɗinsa ko ta ƙarfafa shi a na biyu. Ishaya 1:3 ta kawo sa da ubangijinsa, ta kawo jaki da wurin cin abincinsa: magana ɗaya ce. Mai wa'azin da ya fitar da koyarwa dabam daga kowane layi yana ƙirƙiro abin da babu.

A taron nazari na awa ɗaya, sashe ɗaya ya isa. Minti goma a tarihin, a karanta sashen da murya sau biyu daga bakin mutum biyu, sauran lokaci ga tambayoyin. Tambayar "me wannan ke ce mana yau" ta zo a ƙarshe. In ta zo da farko, kowa zai faɗi abin da ya zo da shi daga gida.

Manyan jigogin za su fito da kansu, sai ka ware wa kowanne shafi ka riƙa tara ayoyi: alkawari da cin amanarsa, wanda Yusha'u ya nuna ta aurensa, bautar gumaka, adalci ga matalauci da gwauruwa da maraya, tare da ƙin sujadar da babu gaskiya a bayanta, Ranar Ubangiji, wadda Amos 5:18-20 ta ce duhu ce ga waɗanda suke marmarinta, ragowar jama'a da za ta tsira, sarki daga zuriyar Dawuda, da sabuntawa, wato sabon alkawari a Irmiya 31 da sabuwar zuciya a Ezekiyel 36.

Inda ake yawan tuntuɓe

Irmiya ya fi kowa wahalar bi, domin surorinsa ba a jere suke ba. Sura 21 tana zamanin Zadakiya, sarki na ƙarshe, amma 25 da 26 sun koma baya zuwa Yehoyakim. 32 zuwa 34 Zadakiya ne, 35 da 36 Yehoyakim kuma. Maganinsa shi ne ka rubuta jerin sarakunan nan biyar, Yosiya, Yehowahaz, Yehoyakim, Yekoniya, Zadakiya, ka kuma sa sunan sarki a saman kowace sura da ta ambace shi. Ezekiyel ya fi sauƙi: 1 zuwa 24 hukunci a kan Urushalima, 25 zuwa 32 a kan al'ummai, sai labarin faɗuwar birnin ya iso a 33:21, daga nan murya ta juya zuwa bege.

Kuskuren da ya fi yin ɓarna shi ne tsinko aya. Irmiya 29:11, mai maganar shirin alheri, tana jikin motoci da kalandu ko'ina a Legas. Ayar tana cikin wasiƙa ce zuwa ga waɗanda aka kwashe a 597, kuma ayar da ke gabanta ta ce sai shekara saba'in ta cika. An gaya musu su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure, su nemi zaman lafiyar birnin da suke. Annabin da ya yi alkawarin saurin fita shi ne Hananiya a sura 28, wanda ya ce shekara biyu, kuma shi ne na ƙarya. Mai koyar da 29:11 a matsayin alkawarin buɗi nan da wata uku ya tsaya a sahun Hananiya bai sani ba. Bege na gaske yana cikin surar, amma bege ne mai haƙuri.

Na biyu, ɗaukar kowane hukunci kamar abin da ba ya juyawa. Irmiya 18:7-10 ta bayyana cewa tuba tana ɗage hukunci, juya baya kuma yana ɗage alheri. Nineba ta tsira a zamanin Yunusa. Irmiya 26:18-19 ta kawo misalin Mika, wanda ya ce za a nome Sihiyona kamar gona, sarki Hezekiya ya ji tsoron Ubangiji, bala'in bai sauka a zamaninsa ba.

Na uku, tsallake ma'anar farko a gudu zuwa Sabon Alkawari. Alamar Immanuwel a Ishaya 7 an ba Ahaz sarkin Yahuza ita ne lokacin da Rezin na Suriya da Feka na Isra'ila suka taso masa. Karanta 2 Sarakuna 16 tukuna, sannan Matiyu 1. Haka ma Bawan Ubangiji: Ishaya 41:8 da 49:3 sun kira shi Isra'ila, a nan fassarar Yahudawa ta dogara, Ayyukan Manzanni 8 kuma ta nuna yadda ikilisiya ta ga Yesu a sura 53. Malamin da ya san duka biyu ya fi iya amsa tambayar matasa da ta maƙwabci mai wani addini.

Wahayoyi masu dabbobi da ƙahoni da lambobi, wato Daniyel 7 zuwa 12 da farkon Zakariya, a bar su ƙarshe. Fara neman fassarar da nassin ya bayar da kansa. Ezekiyel 37:11 ta ce busassun ƙasusuwan nan jama'ar Isra'ila ce. Daniyel 8:20-21 ta ce ragon Mediya da Farisa ne, bunsurun kuma Hellas, wato ƙasar Girka. Inda nassin ya yi fassara, rubuta ta a gefen shafi. Inda bai yi ba, kada ka cike gurbin da sunan ƙasar da ke cikin labaran rediyo na wannan mako, kada kuma ka bari a yi lissafin ranar ƙarshen duniya a taron da kake jagoranta.